Manhajar lafiya: a bi ta majalisa da adashi

A Gwarzo da Kabo, matasa ne suka iya latsa waya, amma dattawa ne ke fama da hawan jini da ciwon suga, kuma su ke ba da izinin kai mai juna biyu awo. Manhajar da aka rubuta da Turanci ba ta amfanarsu. Dattijo ya fi yarda da abin da ya ji a majalisa, uwa kuma a wajen adashi ko Islamiyya. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta horar da matashi ɗaya a kowace ƙungiya, ta kuma sa manhajojin su riƙa magana da Hausa. In ba haka ba, waya za ta cika da manhaja, mara lafiya na kwance a gida.