WA ZAI KOYA WA MALAMIN ƘANANAN YARA?

Zuwa ga 'yan'uwa na rassan Tabla, da Balayara, da Bonkuku, da Filinge, da sauran garuruwan kasuwa na Tagazar da Kurfai. A karanta wannan takarda a gaban taro, a kuma fassara wa wanda ba ya jin Hausa.

A wani zama da muka yi bayan an tashi kasuwa, mun tambayi iyaye abin da kowa yake so ɗansa ya zama in ya gama lakwal. Wani ya ce likita, wani ya ce soja, wani ya ce ma'aikacin duwan. Ko mutum ɗaya bai ce malamin ƙananan yara ba. Da muka ce, to, wanda zai koya wa malaman fa, har ya zama shehun malami a jami'a a kan wannan fanni? Sai aka yi dariya, wani dattijo ya ce, "Ashe renon yara ma sai an je jami'a?" Wannan dariya ita ce dalilin takardarmu ta yau.

MARAƘI DA YARO

Kowa a ƙasar nan ya san Tukunus, arewa da Filinge, inda tun zamanin Faransa ake kiwon shanun Azawak. Akwai masana waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan maraƙi: abin da zai ci, da yadda zai girma, da nonon da uwarsa take bayarwa. Ba wanda ya yi musu dariya, don kuwa mun san darajar saniya. Haka kuma ba mai hankalin da zai danƙa garkensa ga makiyayin da bai san rijiya ba, bai san ciyawar da ke kashe dabba ba. Amma ɗanmu mai shekara biyar ko shida, sai mu kama hannunsa mu kai shi gaban duk wanda aka turo, ba mu tambaya wa ya horar da shi ba, wata nawa aka yi ana horonsa.

Jama'a, koyar da ƙaramin yaro ilmi ne mai zaman kansa. Mai wannan ilmi ya san yadda yaro yake haɗa sautin da kunnensa ya ji da baƙin da idonsa ya gani. Ya san don me yaro yake ƙirga tsakuwa goma daidai, amma ya kasa gane lamba 10 a allo. Ya san yadda ake bambanta mai ƙiwa da wanda kunnensa ba ya ji sosai, da wanda yunwa ce ta kwantar da kansa. Ya san yadda mutum ɗaya zai riƙe aji mai yara tamanin ba da bulala ba. Duk wannan ba a haihuwar mutum da shi. Koya ake yi, kuma dole a sami mai koyarwa. Likitar nan ta Italiya, Mariya Montesori, da ta buɗe gidan yara a unguwar matalauta ta birnin Rum a 1907, zama ta yi tana lura da yara tana rubutawa, sa'an nan ta horar da malamai. Har yau ana aiki da dabarunta a ƙasashe da yawa.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ga ba za ta iya kai wa kowace mace a ƙauye ba. Sai ta horar da mata waɗanda ake kira jaji, ta ɗora wa kowace malfa alamar izini, su kuma suka bi ƙauyuka suna karantar da 'yan taru. Watau ta koya wa masu koyarwa. Abin da muke magana a kai ke nan.

A Nijar muna da Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa take horar da malamai da akawuna, ya wuce Faransa ya ƙware a kimiyya, ya zama masanin ƙarfin hasken rana. Duk da wannan ɗaukaka bai ga ajin farko ya yi masa ƙanƙanta ba. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilmi a Afirka, inda ya nuna lakwal ɗin mulkin mallaka an gina ta ne don samar da 'yan aiken masu mulki, ya kuma ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Ya shugabanci jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

A Nijeriya kuma akwai Aliyu Babatunde Fafunwa, wanda ya ba da ransa duka ga wannan fanni, har ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya kai matsayin farfesa a ilmin koyarwa. Bai tsaya ga gardama ba, gwadawa ya yi. Daga 1970, a jami'ar Ife, shi da abokan aikinsa suka shirya littattafai da Yarabanci, suka sake horar da malamai, aka koyar da wasu yara shekara shida da Yarabanci, Turanci kuwa ya zama darasi ɗaya cikin darussa. Da aka auna, waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Daga baya ya zama ministan ilmi a 1990.

Mu ma mun gwada. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka yi da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci. To, yau fiye da shekara hamsin ke nan. Iri dai an shuka, amma ba a tanadi isassun manoman da za su yi masa noma ba.

ABIN DA SAKACI YA JAWO

Sa'ad da muka karɓi mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. An yi ƙoƙari an buɗe makarantu, wannan gaskiya ne. Amma daga ƙarshen shekarun 1990, da kuɗi suka gaza, sai aka koma ɗaukar malaman kwantaragi da ɗan albashi, da yawansu ba tare da horo mai ƙwari ba. Ga abin da ya biyo baya. A 2014 aka auna 'yan ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe goma masu aiki da Faransanci, a gwajin da ake kira PASEC. A Nijar ba a sami ɗaya cikin goma da ya iya karatu yadda ya kamata ba. Gwajin 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, amma har a lokacin mafi yawan yara suna baya. A 2017 kuma gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi wajen dubu sittin jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki.

Mutane suka yi ta zagin malamai. Mu ba mu zage su ba. Saurayin da aka miƙa wa alli aka tura shi ƙauyen da ba ya jin harshensa, albashi kuma sai an yi jira, ba shi ne ya tsara wannan hanya ba. Shi ma almajirin wani malami ne da ba a horar ba. Laifin yana wuyan duk wanda ya ɗauka ajin ƙanana shi ne wurin da za a yi tsimi, kuma mu iyaye muna ciki.

Tsimin nan ya ci rayuka. Ran 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu 'yan ajin share fage. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25 masu shekara biyar zuwa shida suka rasu. Allah ya jiƙansu. Bayan haka ne gwamnati ta hana ajiye 'yan share fage a rumfar zana. Don me ƙanana ne a rumfa, manya a ɗakin siminti? Don mun saba ba ƙarami abin da ya rage, ko ɗaki ko malami.

AMSA GA MASU SHAKKA

Wani zai ce malanta ba ta da samu. Gaskiya ne albashin bai taka kara ya karya ba, kuma za mu ci gaba da faɗa. Amma a sani aikin yana da matakala. Yaro ko yarinya zai shiga makarantar horon malamai, kamar ta Tilaberi ko Doso ko Tawa, ya fito ya riƙe aji. In ya yi shekaru yana aiki, yana iya cin jarrabawa ya shiga babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Abdu Mumuni, ya zama mai ba malamai shawara ko sufeton makarantu. Mai himma ya zarce har digirin dakta, ya rubuta littattafan da 'ya'yanmu za su karanta. Malami ɗaya yana gyara aji ɗaya. Mai horar da malamai arba'in kowace shekara, ku lissafa azuzuwan da ya gyara kafin ya yi furfura.

Wani kuma zai ce harsunanmu sun yi yawa. Haka ne. A kasuwar Balayara ran Lahadi za ka ji Zabarmanci, da Tamajak, da Hausa, da Fulatanci a rumfa ɗaya. A watan Maris 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Amma takarda ba ta shiga aji ta koyar. Kuma ɗan Tabla da ya sha nono da Zabarmanci ko Tamajak, haƙƙinsa ne ya fara da harshen uwarsa, kamar yadda ɗan Filinge zai fara da Hausa. Wa zai tsara yadda za a yi wannan a aji ɗaya? Ba baƙon da zai kwana uku a otel a Yamai ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga kuma rashin zaman lafiya, wanda a 2023 ya sa ɗaruruwan makarantu suna rufe a jahar Tilaberi. In kwana ya yi tsanani, malamin da danginsa suke garin ya fi baƙo iya tsayawa.

AIKIN KOWANE RESHE

Na ɗaya, kowane reshe ya nemo yaro ɗaya da yarinya ɗaya masu ƙoƙari da haƙuri da yara, a zauna da iyayensu, a ƙarfafa su su nemi makarantar horon malamai da niyya, ba don sun rasa wata hanya ba.

Na biyu, a kafa asusu, ko da mudun hatsi ne ran kasuwa, don guzurinsu da kuɗin mota.

Na uku, a kwamitin iyaye na kowace lakwal, a roƙi darekta ya ba malamin da ya fi ƙwarewa ajin farko, ƙanana kuma su sami ɗakin da ya fi kyau.

Na huɗu, malamin da ke garinku, in yana shirin jarrabawar ƙarin girma, a taimake shi da masauki da fitila, kada a ce yana neman gudu ne.

Na biyar, a rubuta wa magajin gari da sufeton makarantu, cikin ladabi, a tambayi malamai nawa ne a yankin suka sami horon koyar da ƙananan yara da harshen gida. A kawo amsar taro na gaba.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun da bai iya ba karya shi yake yi. Ran da uba a Tabla zai tashi a taro ya ce 'yarsa tana jami'a tana koyon yadda ake koyar da ɗan shekara biyar, jama'a kuma su yi masa barka maimakon dariya, ran nan mun kama hanya. Allah ya nuna mana.

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Wassalam.