Mai farfaɗiya bai taɓa ganin faɗuwarsa ba



Mai farfaɗiya bai taɓa ganin faɗuwarsa ba. Yana tsaye a bakin rumfa, sai dai ya farfaɗo a ƙasa, harshe a cije, riga duk ƙura, mutane sun yi cirko-cirko daga nesa. Abin da ya faru a tsakani, labari za a ba shi. Labarin kuwa kusan kullum ɗaya ne: iska ce ta buge ka, ko an yi maka jifa. Da wannan bayani yake girma.

Alhali ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Saƙonnin da take aikawa, masu kama da wutar lantarki, su ne ke rikicewa su taso gaba ɗaya, sai jiki ya kama jijjiga. Tabon da sanƙarau ya bari, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, doguwar naƙuda, buguwar kai a hatsarin babur, duk suna iya janyo shi. Ba a ɗaukarsa ta yawu ko kumfar baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke fama da shi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon, aka ba su maganin da ya dace.

To, wanda ya je asibitin fa? Akwai wani matashin tela a unguwarmu da ya shekara huɗu yana karɓar magani. Ka tambaye shi sunan maganin, sai ya ce maka "farar ƙwayar nan". Da ya yi wata shida lafiya lau, sai ya ajiye ta, ya yi hamdala, wai ya warke. Bai cika mako biyu ba ya faɗi a kan dutsen guga na gawayi. Har gobe tabon ƙunar na hannunsa. Ban ga laifinsa ba. Layi ya bi, aka miƙo masa ƙwaya a leda, babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa maganin nan danne ciwon yake yi, kuma yanke shi farat ɗaya kan tayar da faɗuwa mai tsanani.

Haƙƙin mai farfaɗiya ne ya san ko fenobabiton yake sha ko kabamazefin, da adadin da aka yanka masa. Ya san cewa rashin barci na tsokano ciwon. Kafin azumi ya zauna da likita a tsara masa sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Mace kuwa, in maganinta sodiyam balfurowet ne, lallai ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya yi wa ɗan tayi lahani. Wasu kan ji wani baƙon wari ko tashin ciki gab da faɗuwa. Wanda ya gane alamarsa zai samu ya nisanci murhu ko bakin rijiya.

Ku kuma 'yan uwa, in mai ciwon ya faɗi, ku kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, a nufi asibiti. In da hali, kuma da yardarsa tun da farko, wani ya ɗauki bidiyon faɗuwar a waya a kai wa likita. Shi ma in yana so, a zauna da shi a nuna masa.