Tsakar Gidan Da Na Gani A Birnin Fas

Uwargida, idan aiki ya taɓa kai ki wani gari, kin san yadda ake yi: taro tun safe har la'asar, ɗan lokacin da ya rage kuma a kasuwa zai ƙare wajen neman tsarabar yara. Niyyata ke nan da muka je birnin Fas na ƙasar Maroko, ziyarar musayar ƙwarewa ta malaman makaranta. Wata malama 'yar garin ta ce sam, sai na ga tsohon gari tukuna.

Ta Bab Bujulud muka shiga, ƙofar da aka gina a 1913, shuɗiya daga waje, koriya daga ciki. Daga nan babu mota. Jakuna da alfadarai ke dakon kaya, har tukunyar gas, idan kika ji an ce "balak!" to ki manne da bango. Mun ga masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce mace ce, Fatima al-Fihri, ta kafa shi a shekarar 859. Mun yi ziyara a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. A majemar Shuwara aka miƙo mini ganyen na'ana'a in kare hanci, ni da na san warin jima tun ina ƙarama!

Amma gidan mahaifiyar malamar ne ya tsaya mini a rai. Daga waje bango ne kawai da ƙofar katako. Kina shiga sai hanyar ta karya kwana, yadda na bakin ƙofa ba zai hango mutanen gida ba, tamkar zaurenmu. Sai ga tsakar gida a buɗe, sararin sama a kanki, an ƙawata daɓen da ƙananan tayil da suke kira zallij, kowane ɗaki yana fuskantarta. Rana na dukan gari, ciki kuwa sanyi ƙalau, ko fanka babu. Bangon mai kauri ne, iska mai zafi kuma ta sama take ficewa. Jikoki na ta guje-guje, tsohuwa na tsintar wake, idonta a kansu.

Ba haka gidan kakarki yake ba? Mu yanzu mun rufe gida ruf da kwano da siling. Da an ɗauke wuta sai yara su jiƙe da gumi, wurin wasansu kujerar falo, shanya kuwa a kan katanga.

Idan Allah ya hore muku fili, maigida ya kawo zanen gini, kada ki tsaya kan girman kicin kaɗai. Tambaye shi ina tsakar gida, tun kafin a haƙa tushe. Ko ɗaki ɗaya za a rage, a bar wurin a buɗe. Ke ce za ki wuni a ciki, ke da yara.

Tsarabar kuwa, takalman fata na saya musu a hanyar fita. Na auta ya yi masa kaɗan.