Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Magana Ga Masu Sana'ar Kwashe Gansakuka

Jama'a, a wannan mako ina so mu bar kunya da shuka tukuna, mu leƙa wata sana'a da samarinmu suka samu a manyan garuruwa, irin su Kano da Kaduna da Abuja. Manyan masaukai da gidajen attajirai suna da tafkin iyo da aka gina da siminti, kuma da zarar an yi sakaci ruwan sai ya koma kore shar, gansakuka ta rufe shi. To, akwai samarin da cin abincinsu ke nan: a kira su, su wanke tafki, su zuba magani, a biya su. Sana'a ce mai kyau, ba ni da ja. Amma ta fara shigowa gonakinmu, shi ya sa na ga lalle in yi magana.

Kwanan baya, cikin rangadin da na ke yi, na tarar da wani manomi ya yi tagumi a bakin ramin da ya ke kiwon kifi. Ruwan ya yi kore, sai wani yaro mai wankin tafkin iyo ya zo ya yi masa romon baka, ya ce kafin gari ya waye zai mai da shi garau. Suka yi jinga, yaro ya zuba farin garin kulorin, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ruwa kam ya yi garau. Kifin kuwa duk suka taso ciki sama. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Yaron ba mugu ba ne. Abin da ya sani shi ne magani, bai san ruwa ba.

Ra'ayina a kan wannan sha'ani guda ɗaya ne. Mai wannan sana'a sanin ruwa ya ke sayarwa, magani kuwa kowa na iya saye a kanti. Tambayarsa ta fari kafin a yi maganar kuɗi ita ce: wa ke amfani da ruwan nan? Mutum ne ke iyo, ko kifi ke ciki, ko dabba ke sha?

Bari in bayyana dalili. Gansakuka tsiro ce mai rai, tana son rana da ɗumi da ruwa kwantacce da abinci. Abincinta shi ne irin na dawa da masara, watau taki. A tafkin iyo ba a son ko ɗigonta, don haka a kan riƙe kulorin kashi 1 zuwa 3 cikin kashi miliyan na ruwa, a tsai da ma'aunin tsamin ruwan tsakanin 7.2 da 7.8, a bar injin tacewa yana aiki, a riƙa goge bango da buroshi. Ranar ƙasarmu tana cinye kulorin da sauri, ƙurar hunturu da ruwan sama kuma suna kawo datti. Wanda ya zuba magani ya tafi bai dubi waɗannan ba, ba da daɗewa ba za a sake nemansa. Ko manya ma su kan yi kuskure. A wasannin Olamfik na birnin Riyo, ƙasar Brazil, a 2016, tafkin masu tsalle cikin ruwa ya koma kore duniya tana kallo. Shugabannin wasan suka ce an zuba wani sinadari ne bisa kuskure, shi kuwa ya kashe ƙarfin kulorin.

Ramin kifi dabam ne. A nan ɗan kore-kore alheri ne, gama ƙarfasa tana cinsa, kuma da rana yana sakar wa kifi iskar da su ke shaƙa cikin ruwa. Ga gwaji mai sauƙi: tsoma hannu har gwiwar hannu. In kana hangen tafinka dishi-dishi, ruwa lafiya lau. In ya ɓace tun ba ka kai can ba, kore ya yi yawa. Haɗarin yana zuwa da dare, lokacin da gansakuka ke janye iskar, shi ya sa za ka ga kifi da asuba sun taso suna haki. In kuwa aka kashe ta gaba ɗaya rana guda, sai ta ruɓe, ruɓewar ta cinye sauran iskar, kifi su mutu ko da maganin bai taɓa su ba. Abin yi shi ne a rage abinci, a daina zuba taki, a sauya wani kashi na ruwan, a kwashe ta bisa da raga kaɗan-kaɗan.

Mashayar dabbobi ita ma da nata hukunci. Akwai wata irin gansakuka mai kamar an zuba koren fenti bisa ruwa, wadda wani lokaci ta kan zama dafi. Tun 1878 wani masani, George Francis, ya rubuta yadda tumaki da dawaki da karnuka suka mutu bayan sun sha ruwan Tafkin Alexandrina a Ostireliya. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, hukumar ƙasar kuwa ta ɗora laifin a kan irin wannan dafi. Akwai shuɗin gishirin nan na tagulla da a ke kashe gansakuka da shi tun 1904, lokacin da ma'aikatar gona ta Amurka ta bayyana amfaninsa. Amma tunkiya ba ta jure tagulla, tana taruwa cikin hantarta har ta kashe ta. Ban da haka, in an kashe gansakuka mai dafi, dafin ya kan fito ya gauraya da ruwan. Saboda haka a killace wurin, a shayar da dabbobi a wani waje. Kwamin shayarwa kuwa buroshi da inuwa da sauyin ruwa sun ishe shi.

Na san abin da wani saurayi zai ce: "Malam, in na gaya wa mutum ba ya bukatar magani, ina zan ci?" Ƙanena, a nan ne cinikin ya ke. Wanda ke jiran ruwa ya ɓaci a kira shi, yau ya samu, gobe babu. Wanda ya yi jinga ta wata-wata, yana zuwa kowane mako da abin gwaji da littafinsa, yana rubuta abin da ya tarar da abin da ya zuba, shi ne ke da abinci shekara duka. Mai gida ɗaya da ya amince da kai zai kai ka gida biyar. Labarin kifin da ka kashe kuwa zai riga ka isa kasuwa.

Ku manoma, kada ku yi cinikin biri a sama. Wanda ya faɗi kuɗi tun bai ga ruwa ba, sallame shi. Ku tambayi sunan maganin, ku ga gwangwaninsa, sa'an nan ku nemi malamin gona ya duba. Ku kuma dubi kanku, gama sau da yawa mu ne ke ciyar da gansakukar: takin zamani da muka watsa dab da gaɓa, da kashin shanu a bakin tafki, ruwan sama na fari ke kwashe su ya kai mata. A bar ciyawa ta yi shinge tsakanin gona da ruwa.

Ku 'yan kasuwa masu sayar da kulorin ƙulli-ƙulli ba rubutu, ku tambayi mai saye inda zai kai shi. Ku kuma akawuna masu biyan kuɗin aiki a masaukai da ofisoshi, kada ku sa hannu a takarda sai kun ga littafin gwajin ruwa.

Mako mai zuwa za mu yi magana a kan yasar rami kafin ruwa ya sauka.