Mu Ɗora Kantunan Littattafanmu a Kan Taswira



Mun daɗe muna kukan cewa kasuwar littafin Hausa ta mutu. Mu ce WhatsApp ne ya cinye ta, mu ce masu karanta labarai a YouTube ne suka ƙarasa ta, mu ce takarda ta yi tsada. Duk akwai gaskiya a ciki. Amma akwai ƙofar da mu da kanmu muka bari a rufe. Ɗalibar da ta zo karatu Kano daga Gombe, ko ɗan bautar ƙasa da ya sauka jiya, idan suna neman littafin Hausa, wayarsu za su fara tambaya. Za su buɗe Google Maps su rubuta "kantin littattafai". Wanda ya fito, can za su nufa. Wanda bai fito ba, ko ya shekara 30 yana sayar da littafi a Sabon Gari ko Kurmi, a wajen baƙon nan babu shi.

A ra'ayinmu, gyara wannan aiki ne da ya rataya a wuyan marubuta, domin yawancinsa rubutu ne.

Shafin da kanti yake samu a taswira sunansa Google Business Profile, wanda kafin 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne. Mai kanti zai buɗe shi da adireshinsa na Gmail, sannan a tantance cewa wurin nasa ne, sau da yawa ta ɗan bidiyo da zai nuna allon kantin da cikinsa. Google ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa kafin ya ɗora wani kanti a saman wani: dacewa da abin da aka nema, kusanci da mai nema, da kuma shahara.

Kusanci ba mu da iko da shi, sai dai mu tabbatar alamar da ke kan taswira tana daidai ƙofar kantin. Mu mutane ne masu kwatance da "bayan masallaci, kusa da mai shayi". Baƙo bai san mai shayin ba. A tsaya a bakin kantin a kafa alamar, kada a yi daga gida a kintata.

Dacewa ita ce gonarmu. A zaɓi babban rukunin sana'ar daidai, kada mai sayar da littafi ya shiga rukunin masu kayan masarufi. A jera abin da ake sayarwa da kalmomin da mutane suke amfani da su: littattafan soyayya, na addini, na makaranta, ƙamus. A sa da Hausa da Turanci, tunda masu nema da duka biyun suke nema. Wurin bayanin kanti haruffa 750 kawai yake ɗauka. Wanda ya saba taƙaita labari a bayan bango ya san yadda ake faɗin abu mai yawa a fili kaɗan. A rubuta lokacin buɗewa da rufewa na gaskiya, har da tashi sallar Juma'a da canjin lokaci a watan azumi. Mutumin da ya biya kuɗin adaidaita sahu ya tarar da kanti a kulle, da wuya ya dawo.

Gargaɗi ɗaya: sunan da ke kan allo shi za a rubuta. Wasu sukan cusa "mafi arha a Kano" a cikin sunan don su hau sama. Wannan ya saɓa ƙa'idar Google, kuma yana iya jawo a dakatar da shafin.

Sai shahara, kuma a nan ne halinmu zai iya cutar da mu. Yawan sharhin masu saye da taurarin da suka bayar suna taimaka wa kanti ya hau. Mu kuwa mun saba da "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" a ƙarƙashin kowane labari, ko mun karanta ko ba mu karanta ba. Idan muka kwashi wannan ɗabi'a muka kai taswira, mutum 50 suka zuba taurari biyar-biyar a rana ɗaya ga kantin da ba su taɓa takawa ba, ƙarya muka yi, kuma Google yana goge irin wannan. Biyan mutum ko yi masa ragi don ya yaba shi ma haramun ne a ƙa'idarsu. Sharhi mai amfani shi ne na wanda ya je ya saya, ya faɗi littafin da ya samu da yadda aka karɓe shi. Jimla uku na gaskiya sun fi yabo ɗari na kara. Mai kanti kuma ya riƙa amsawa cikin ladabi, har ga wanda ya yi ƙorafi.

Wani zai ce marubuci ba ɗan talla ba ne. To, wa zai sayar da littafinmu idan kantin ya koma sayar da caja da murfin waya? Wani kuma zai ce mutanenmu da baki suke tambaya. Haka ne ga ɗan gari. Baƙo da matashin da ya taso da waya a hannu su ne masu sayen da muke asara. Banda haka, wanda ya iya wannan aiki zai iya yi wa tela, mai ɗab'i ko mai abinci a unguwarsu, ya samu na data da guminsa.

Shawararmu ta wannan mako: kowannenmu ya nemi kantin littattafai ko maɗaba'a ɗaya da yake hulɗa da ita, ya duba ko tana kan taswira. Idan babu, ya zauna da mai wurin, da izininsa kuma da Gmail ɗinsa, domin shafin ya zama mallakarsa ba tamu ba. A ɗauki hoton allo da na kantoci da rana, a cike bayanan tsaf.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya raya kasuwar littafi.