Baƙar Fata Ba Laima Ba Ce

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa rana ba ta cutar da baƙar fata, wai wannan damuwar Turawa ce. A nawa ra'ayi, wannan zato yana jawo wa waɗansu marasa lafiya wahala, musamman masu fama da ciwon da likitoci ke kira lufus tumidus.

Lufus ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Tumidus wani nau'insa ne da ba a cika samu ba, wanda galibi a fata yake tsayawa. Likitocin Faransa biyu, Gougerot da Burnier, sun yi bayaninsa a 1930. Alamarsa ita ce kumburi mai santsi, marar ɓawo, a fuska ko wuya ko ƙirji ko hannu, wato inda rana ke duka. Hasken ultrabayolet ne ke tayar da shi, amma kumburin kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya fito. Saboda haka ba kasafai ake zargin rana ba. A baƙar fata kuma jansa ba ya fitowa sosai, sai a ɗauka makero ne, ko ma kuturta.

To, dubi ɗan manomin Bungudu da ke yini a gona, ko ɗalibar Tsafe da ke tsayawa a filin makaranta cikin zafin bazara. In suna da wannan ciwo, kullum rana ƙara hura shi take yi. Shafa man bilicin ko na kyamis ba da sanin likita ba yakan ɓoye alamun, ya kuma ɓata fata.

Wani zai ce ciwon da ba shi da yawa bai cancanci surutu ba. Amma fa rashin sani ya fi dare duhu: yaron da aka yi wa zargin kuturta abokai kan guje shi, alhali lufus ba ya yaɗuwa.

Kirana ga malamai shi ne, duk kumburin da ya ƙi warkewa a tura mai shi asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Ana gane ciwon ta hanyar gwada ɗan yankin fata, kuma yakan ji maganin haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, ya warke ba tabo. A kuma bar ɗalibin ya sa malfa da riga mai dogon hannu, ya zauna a inuwa.