Tsadar Tikitin Sinima: Wa Ake So Ya Kalli Fim Ɗin Indiya?

Duk sanda masu harkar finafinan Indiya suka fara kukan cewa ana satar fasaharsu a Najeriya, tambaya ɗaya nake so su amsa mini: ta wace ƙofa suka tanada wa mutumin Potiskum ya biya su haƙƙinsu?

Ba yau muka fara kallon Indiya ba. Fiye da shekara 60 ke nan da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa, aka riƙa cika sinimomin Kano irin su Rex da Palace da Plaza. Iyayenmu sun kalli Mother India na 1957 da Sholay na 1975 har sun haddace. Su suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi. A wancan zamani ɗan dako da ɗan tireda duk suna iya sayen tikiti, kowa da kujerar da ta dace da aljihunsa.

Yau sinimar zamani ta koma cikin manyan kantuna a Legas da Abuja da Kano, da na'urar sanyaya ɗaki da gugguru, tikiti ɗaya kuma dubban nairori. Mu yi lissafi daga nan Potiskum. Magidanci zai ɗauki iyali a mota ta Azare zuwa Kano, tafiyar sa'o'i, ga abinci, wataƙila ga kwana, sannan ga tikitin kowa. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Wane mai hankali ne zai kwashe kuɗin cefane ya kai wa Shah Rukh Khan?

Masu sinima suna da hujja, ban musanta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, komai ya tashi: kuɗin sayen izinin nuna fim daga waje, man janareta, hayar wuri. Amma tsawwala farashi bai magance komai ba, ya dai kori masu kallo zuwa wani wuri.

Ku zo Potiskum da yamma ku ga wurin. Shagon tura fim ne, yaro ɗaya da kwamfuta, matasa sun yi masa rumfa, kowa na miƙa memori ko waya. "Akwai sabon Algaita?" shi ne abin da za ka fi ji, wato fim ɗin Indiya da kamfanin Algaita ya fassara. Cikin 'yan mintuna an tura maka fim mai fassarar Hausa a kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba. Direban tirela ya kalla a hanya, matar gida ta kalla bayan sallar isha'i. Masu kallo suna nan birjik, amma ko sisi ba ya komawa Mumbai.

A Indiyar kanta an san ba a barin farashi sakaka. Jihar Tamil Nadu ta daɗe da ƙayyade iyakar kuɗin tikiti. A 2022 masu sinimomin ƙasar sun ware rana guda suka sayar da tikiti rupi 75, jama'a suka yi cincirindo. To me ya sa sai a ƙasashen waje, har da inda talauci ya fi tsanani, ake ɗaukar mai son fim ɗin Indiya a matsayin attajiri?

Potiskum, garin da yake da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Afirka ta Yamma, ba zai rasa masu zuba jari ba. Gidajen kallon ƙwallo sun riga sun nuna cewa mutanenmu suna biya in kuɗin ya yi daidai da ƙarfinsu. Abin da ake buƙata ƙananan ɗakunan kallo ne masu lasisi da tsari, da lokaci na musamman don mata da iyalai, da fassarar Hausa da aka yi da izinin masu fim.

Kirana ga masu rarraba finafinai da 'yan kasuwar Yobe: ku sauko da farashi, ku matso kusa da mu. Muna son biya, amma daidai ruwa daidai tsaki.